Hantar da Aka Bari Bayan Tiyata

Idan aka ce an yi wa mai dajin hanta aiki, hankalin dangi yakan tafi ga ƙarin da aka yanke: girmansa, da ko an cire shi duka. Likitan tiyata kuwa abin da ya fi auna wa shi ne hantar da zai bari a jiki, domin ita ce za ta riƙe mai ita.

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran Arewa, da wuya daji ya sauka a kan lafiyayyar hanta. Galibi ƙwayar hepatitis B ce ke share masa fage. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, da yawa tun suna jarirai, ba tare da ko shawara ta taɓa bayyana a idonsu ba. Shekara da shekaru tana yi wa hanta tabo har ta ƙeƙashe. Ga kuma gubar afulatoksin. Manomi a Yalwan Damai da ya zuba gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba, funfuna mai fitar da wannan guba za ta kama ta. A tsince masu kyau a kai kasuwa, masu ɗaci da suka yamutse su tafi ƙuli-ƙuli da miyar gida. Idan gubar ta haɗu da ƙwayar cutar, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Lafiyayyar hanta tana tsirowa. Ana iya yanke kusan kashi uku cikin huɗu nata, ragowar ta cike gurbin. Ƙeƙasasshiya kuwa sai an bar mata wajen kashi 40 cikin 100, in ba haka ba ta gaza tun mara lafiya yana gadon asibiti. Shi ya sa ake amfani da ma'aunin Child-Pugh, mai duba shawara, da sinadarin albumin, da daskarewar jini, da ruwan ciki, da gushewar hankali. Mai matakin A, wato wanda hantarsa ke da sauran ƙarfi, shi ne ake sa wa wuƙa. Kumburin saifa da ƙarancin ƙwayoyin tsai da jini ma sukan sa likita ya janye hannu, ko da ƙarin bai fi ƙwan zabo ba.

Cikin waɗanda aka tace aka yi musu aikin, kashi 50 zuwa 70 kan kai shekara 5. Amma a tsawon wannan lokaci cutar tana dawo wa kusan 7 cikin 10. Wadda ta dawo kafin shekara 2 yawanci ɓurɓushin tsohon ƙari ne da ya riga ya bi jijiyoyin jini. Wadda ta dawo bayan nan sabuwa ce, hantar ce ta sake haifar ta, kamar gonar da aka tuge wa ƙuduji alhali irinsa na kwance a ƙasa. Nan ne magungunan tenofovir da entecavir ke da tasiri, don suna danne ƙwayar cutar, suna rage dawowar dajin. Dashen hanta yana kawar da matsalolin biyu, bisa sharuɗɗan Milan na 1996: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko har uku da kowanne bai wuce 3 ba. Sai dai tafiya ce ta Indiya ko Masar, wadda ta fi ƙarfin manomi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanenmu ba sa kaiwa ga wannan muhawara. Wani nazari na 2017 a kan majinyata a Afirka ya gano cewa a Masar rabinsu kan wuce wata 10.9 bayan gano cutar, a sauran ƙasashen, har da Nijeriya, wata 2.5 kacal, kuma a waɗannan ƙasashen kashi 3 cikin 100 ne suka sami maganin dajin kansa. Mutum zai sha jiƙo da tsimi wata da watanni, sai ciki ya ɗauki ruwa a ɗauko shi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a ce "an makara".

Rigakafin hepatitis B ya shiga jadawalin Nijeriya a 2004, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so, abin da haihuwar gida ke kawo wa cikas. Duk wanda aka haifa kafin shekarar yana bukatar gwajin jini. Idan an samu ƙwayar, kuma likita ya ga yana cikin masu haɗari, hoton ciki duk wata 6 ne ke kama ƙari yana ƙarami, hanta tana matakin A.