Tafarkin Gabas: Hanyar Alhazan Ƙafa Daga Zamfara Zuwa Bahar Maliya

Wanda ya taso daga Bunguɗu ya ratsa Gusau, ya gifta gindin dutsen Kwatarkwashi ya nufi Tsafe, da wuya ya kawo a ransa cewa kwaltar da yake bi ta kwanta ne bisa sawun mutanen da suka taka ƙasa har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, kuma babu sarkin da ya share hanyar ko ya dasa mata alama. Ƙafafun masu niyyar Hajji ne suka fitar da ita, zango bayan zango.

A zamanin da ya gabaci jihadin 1804, mafi yawan alhazan ƙasar Hausa arewa suke fuskanta. Sukan bi ayarin raƙuma ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira, su haɗu da ayarin Masar. Wannan hanya ta masu hali ce, domin Sahara ba ta karɓar mai tafiya a ƙasa. Talaka sai da daulolin Wadai da Darfur suka kafu, aka sami jerin garuruwa da rijiyoyi a tsakanin Borno da kogin Nilu, sannan ya sami hanyar da zai bi da sandarsa da gorarsa. A ƙarni na 19 wani dalili ya ƙaru a kan Hajji, wato zancen da ya yaɗu cewa Mahadi zai bayyana a gabas, har shugabannin Sakkwato suka sha jan hankalin jama'a kada su yi gaggawar barin gida.

Shekarar 1903 ce ta mayar da wannan siririyar hanya gwadabe. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira, ya biyo ta Gusau. Duk garin da ya ratsa sai manoma su ajiye fartanya su bi shi da mata da yara. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan mahajjacin Zamfara ya san cewa a can gaba akwai inda zai yi sallama da Hausa a amsa masa.

Yadda ake tafiyar shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Mai niyya yakan biya bashi, ya nemi gafarar dangi, ya bar wasiyya, domin ana sallamarsa ne kamar wanda ba za a sake gani ba. Daga Tsafe a nufi Kano, sai Yerwa, a haye kogin Shari zuwa Fort Lamy, wadda ta zama Njamena, sannan Abeshe, Janaina, Fashir, Nuhud da Ubayyid. Ba a yin ta a jere. Da rani ake tafiya. Damina na faɗuwa sai a yada zango, a ari gona ko a yi ƙwadago, a jira kaka. Wanzami ya fito da zabirarsa, malami ya buɗe makarantar allo, mata su soya ƙosai. A Kordofan, inda rijiya ke wuya, mutanen wurin sukan rarake cikin itacen kuka su tara ruwan sama, matafiyi ya saya da ɗan abin da ya tara. Saboda haka Hajji ɗaya kan ci shekaru, a haifi yaro a Wadai ya isa Makka da wayonsa. A gidanmu na Sabon Gari akwai ƙanen kakata da ya fita a haka. Wasiƙa guda aka taɓa samu daga gare shi, daga Wad Madani, kuma har ta rasu ba ta yarda an kira shi marigayi ba.

Mulkin mallaka, wanda aka gudu dominsa, shi ne kuma ya sauƙaƙa hanyar. Faransa ta kama Abeshe a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, hare-haren kan hanya suka ragu. A 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, wanda ke neman hannaye da yawa, kuma a ganina wannan gona ta riƙe alhazai fiye da yadda ƙishirwa ta kashe su. Mutum ya tsaya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, shekara ta zama goma, ya yi aure, ’ya’yansa su tashi ana kiransu Fallata ko Takari. Akwai kuma ɓangaren da masu ba da labari kan tsallake: an sha sayar da yaran da aka tafi da su, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962.

A nan gida, layin dogo ya iso Gusau ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, Sabon Gari ta cika da ’yan kasuwa da ma’aikatan kamfanoni, zangon farko na tafiyar ya koma cikin tarago. Motocin lori suka karɓi sauran hanyar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin sama ya biyo baya a shekarun 1950. Da aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, fasfo da biza da kuɗin kujera sun riga sun maye gurbin madugu.

Yau ko da wani ya yi niyyar sake taka wannan sawu, ba zai yi nisa ba. Janaina da Fashir suna cikin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa har jikokin waɗancan alhazai. Tsakanin Gusau da Tsafe kuwa, inda kakanninmu suka kwana a gindin itace da guzurinsu a kai, direbobi kan duba rana kafin su ɗauki fasinja, saboda ’yan bindiga.