Tamale da ƙwallon matasa: shin Dabokpa za ta iya riƙe ƙungiyar da za ta yi gogayya?

Dabokpa unguwa ce a cikin Tamale, babban birnin yankin Arewacin Ghana, kuma an fi saninta da makarantar koyon sana'o'i ta Dabokpa Technical Institute. Kamar sauran unguwannin garin, tana cike da yara masu buga ƙwallo a filayen makarantu da fegi-fegin da ba a gina ba tukuna. Tambayar da iyaye da masu horarwa ke yawan yi ita ce ko wuri irin wannan zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyar matasa mai ƙarfi, wadda za ta kara da na Accra da Kumasi ba tare da ta durƙushe ba. Tarihin garin ya nuna cewa yara da baiwa ba su taɓa yin ƙaranci ba. Abin da ke kayar da ƙungiyoyi shi ne kuɗin tafiyar da su da kuma takardu.

Garin na bunƙasa da sauri. A ƙidayar 2010 birnin Tamale yana da mutum kusan 370,000. A 2012 aka cire Sagnarigu daga cikinsa, kuma a ƙidayar 2021 sassan biyu a haɗe sun haura 700,000. Mafi yawan mazauna Dagomba ne, sai Hausawan zango da sauran ƙabilu. Filin wasa ma akwai: an gina shi domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, yana ɗaukar 'yan kallo kusan 20,000, kuma a nan Kamaru ta doke Tunisiya da ci 3-2 a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. A 2017 aka sa masa sunan Aliu Mahama, mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Real Tamale United.

'Yan wasan da garin ya fitar

A Real Tamale United, wadda ake kira RTU, Abedi Pele ya fara suna kafin ya ɗaga kofin Afirka da Ghana a Libiya a 1982. Daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, 1991 zuwa 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai da Marseille. Bayansa an samu Mubarak Wakaso, da Abdul Majeed Waris wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Suwidin a 2012, da Baba Rahman da Chelsea ta saya a 2015. A ɓangaren mata, Mukarama Abdulai ta Northern Ladies ta ci takalmin zinariya da ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Yurugai a 2018.

Sai dai a duba hanyar da suka bi. Wakaso ta Ashanti Gold da ke Obuasi ya fita, Waris ta makarantar Right to Dream da ke kudu, Baba Rahman ta Dreams FC da Asante Kotoko. A Tamale aka haife su, amma a kudu aka ƙarasa horar da su, kuma can aka fi cin moriyar cinikinsu.

Abdul Fatawu Issahaku ne ya ɗan sauya labarin. Ya taso a Tamale, ya buga wa Steadfast FC ta garin, mallakar ɗan majalisa Haruna Iddrisu, a rukuni na ɗaya da ke ƙasa da Firimiya. Yana can aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Ghana ta lashe a Muritaniya a 2021. A 2022 ya koma Sporting ta Fotugal, sannan Leicester City ta Ingila. Abin lura shi ne Steadfast ba ta shiga Firimiya ba kafin ta fitar da shi.

Inda manyan ƙungiyoyi ke tuntuɓe

RTU ta faɗa daga Firimiya a 2013, ta yi shekara takwas kafin ta dawo a 2021, ta sake faɗawa a 2024. A ƙarshen waccan kakar 'yan wasanta sun ƙaurace saboda bashin albashi, Dreams FC kuma ta lallasa ta da ci 8-1 a wasan da aka gano ta saka 'yan wasan da ba su da rajista. Tamale City ta hau a 2022 ta sauko a 2023. Nisa na daga cikin dalilai: Accra na da tazarar kilomita kusan 600, Kumasi kusan 380, kuma kowane wasan waje na nufin kuɗin mota da masauki da abinci. Kuɗin ƙofa ba ya rufe wannan, manyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyi kuma galibi a kudu suke. Ƙungiya ta kan rataya ne a wuyan attajiri ko ɗan siyasa guda, ranar da ya gaji kuwa sai komai ya tsaya.

Ƙungiyar yara ba ta da wannan nauyi. Gasar yara da a Ghana ake kira kolts, ta 'yan ƙasa da shekara 13 da 15 da 17, a matakin gunduma da yanki ake buga ta, ƙarƙashin hukumar ƙwallon yankin. Ba albashi, ba doguwar tafiya. Abin da ake buƙata shi ne fili mai tabbas, da koci mai lasisi, da takalma, da magani idan yaro ya ji rauni. Filin ne ke ƙara wuya, domin bunƙasar da ke kawo yaran ita ce ke cinye fegin da suke wasa a kai.

Dokokin FIFA da batun rajista

A nan ne ƙaramar ƙungiya ke da hanyar samun kuɗi, kuma a nan aka fi yin sakaci. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai, saboda haka dole yaro ya samu inda zai yi horo a gida har zuwa lokacin. Idan daga baya aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Shekaru huɗu na farko, 12 zuwa 15, suna kawo kashi 1 cikin 100. Ke nan idan an sayar da ɗan wasa Yuro miliyan 10, ƙungiyar unguwar da ta riƙe shi a waɗannan shekaru na da haƙƙin Yuro 100,000, kuma haƙƙin na sake tasowa duk lokacin da aka yi wani ciniki irin wannan. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje.

Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya tura wa masu su, bisa tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙasa ba, ko ba ta shigar da sunan yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya ba, ba za ta ga ko sisi ba, ko da kowa a unguwa ya san ita ta raine shi. Wannan doka ɗaya ce a Maradi da Kano da Garwa.

Masu karatu a ƙasashen renon Faransa sun san misalin Génération Foot ta Senegal, wadda aka kafa a 2000 ta ƙulla yarjejeniya da Metz, ta kuma fitar da Sadio Mané. Right to Dream, da Tom Vernon ya kafa a 1999, ta bi wata hanyar, inda masu ita suka sayi Nordsjælland ta Denmak a 2015. Dukansu sun fara ƙanana ne, suka haɗa ƙwallo da karatu, suka samu ƙofa tabbatacciya zuwa kasuwar Turai. Dabokpa na da makarantar sana'a a tsakiyarta, abin da zai amfani mafi yawan yaran, waɗanda ba za su taɓa samun kwantiragi ba.