Ƙwadago a Masana'antun Kano: Bompai, Sharaɗa da Challawa

Bompai, Sharaɗa da Challawa su ne manyan unguwannin masana'antu na Kano, kuma a cikinsu aikin albashi irin na kamfani ya kafu a birnin. Tarihin ƙwadago a waɗannan wurare tarihi ne na yadda kamfanoni suka yi ta neman riƙe ma'aikaci a garin da aka fi ganin girman mai cin gashin kansa.

Asali

Kafin zuwan injuna, sana'o'in Kano irin su saƙa, rini, jima da fatauci sun ginu ne a kan dangantakar ubangida da yaronsa. Yaro yana bauta wa sana'a shekaru, ubangida yana ɗaukar cinsa da suturarsa, sau da yawa har da aurensa, a ƙarshe ya sallame shi da jari. Ladan biyayya shi ne wata rana yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa, ta kuma jawo kamfanonin Turawa da Kwarori. A shekarun 1950 Bompai ta fara cika da injunan matsar gyaɗa da kamfanonin turare, alewa, sabulu da kwanuka. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da samun kuɗin man fetur aka faɗaɗa zuwa Sharaɗa da Challawa, inda kamfanonin jima da na roba suka yawaita. Dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ƙara shigo da attajiran Kano cikin harkar. Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, daga baya Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya.

Su wane ne ma'aikatan

Yawancin leburorin farko mutanen karkara ne: 'yan cin rani da gardawan da suka taso a makarantun allo. Paul Lubeck, masanin zamantakewa ɗan Amurka wanda ya yi bincike a cikinsu a farkon shekarun 1970, ya nuna a littafinsa na 1986 cewa da yawa sun ɗauki kamfani a matsayin zango ne. Burinsu su tara jari su buɗe tireda ko su koma gona da karatu. Kamfani yana biyan albashi, amma ba ya sallama irin ta ubangida, don haka ma'aikaci bai ga dalilin ba shi amanar da zai ba ubangida ba.

Abubuwan da suka fi ɓata wa ma'aikata rai ba duka ne na kuɗi ba. Akwai hana lokacin salla, da tsawar heluma a gaban jama'a, da kora ba bin bahasi, da neman na goro kafin a ɗauki mutum. Ga wanda ya yi shekaru gaban malam, a hana shi azahar cin mutunci ne, kuma neman izinin salla na cikin buƙatun da suka fara haɗa kan ma'aikata.

Adebo, Udoji da ƙungiyoyi

Tsadar rayuwa bayan yaƙin basasa ta sa gwamnatin Gowon ta kafa kwamitin Adebo a 1970, wanda ya ba da shawarar ƙarin albashi. Da wasu masu kamfani suka yi jinkirin biyan ƙarin da ariyas ɗinsa, ma'aikatan Kano suka shiga yajin aiki a 1971, suna bi kamfani kamfani suna fito da 'yan uwansu, galibi ba da jagorancin ƙungiya ba. Ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara, wanda aka fara biya a 1975, ya sake tayar da irin wannan rigima a kamfanoni masu zaman kansu.

A 1978 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, NLC, tare da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa. Gwamnatin jiha ta Abubakar Rimi ta ba da hutun ranar ma'aikata na 1 ga Mayu a Kano a 1980, shekara guda kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya, kuma a 1981 aka sa mafi ƙarancin albashi a naira 125. A wannan zamani ne aikin kamfani ya fi daraja: akwai takardar ɗauka, da ƙarin girma, da garatuti, har mutum ya iya aure ya gina gida da albashinsa.

Koma baya

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da na sarrafawa suka yi tsada. Ƙarancin wutar lantarki ya tilasta dogaro da janareta, sannan ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997 da kwararowar atamfar Sin zuwa Kantin Kwari suka durƙusar da yawancin masaƙu. Dubban ma'aikata sun rasa aiki. Wasu sun koma acaɓa, da aka hana goyo a babur a Kano a 2013 kuma suka koma Adaidaita Sahu.

Kamfanonin da suka rage, da sababbin na roba, shinkafa da abin sha, sun karkata ga ma'aikatan wucin gadi da ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila. Munin abin ya fito fili a watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari waɗanda aka tsare watanni a wani kamfanin shinkafa a Challawa.

Halin yanzu

Doka ta tanadi fansho tun 2004, da diyyar rauni a wurin aiki, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tun 2024, sai dai ma'aikacin wucin gadi bai cika cin moriyarsu ba. Tun shigowar wayar salula a 2001 matasa da dama sun gwammace koyon gyaran waya da kwamfuta a kasuwanni irin su Farm Centre, inda tsarin ubangida da yaro yake raye kuma ake sa ran buɗe shago. Wannan ya sa kamfanin da ke son riƙe ƙwararren ma'aikaci a Kano yake gasa da kasuwa kanta: dole ya biya a kan lokaci, ya kiyaye mutunci da ibada, ya kuma koyar da sana'ar da mutum zai iya dogara da ita ko bayan ya bar aiki.