Asalin Kiran Mai Bori Doki

A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, idan tsofaffi suka tashi ba da labarin bori na zamanin da, ba su cewa iska ta shiga wane. Cewa suke ta hau shi. Namijin da aka hau sunansa doki, mace kuwa goɗiya. To, ina mutum ina sunan dabba?

Gobirawa mayaƙa ne, tun kafin Sarki Babari ya kafa birnin Alƙalawa har zamanin Bawa Jan Gwarzo, kuma doki shi ne ƙarfin sarauta. Kowa ya san halinsa: komai tsaurin kansa, da an sa masa linzami an ɗaura sirdi, ba shi da sauran ra'ayi, inda mahayi ya juya nan ya nufa. Da mutane suka ga an goga goge, an kaɗa ƙwarya, macen da suka sani da kunya ta zabura, idonta ya juye, muryarta ta sake, sai suka ce lalle wannan jiki ya sami mahayi. Daga nan sauran kalmomin suka biyo baya: hawa, sauka, da atishawar da ake ɗauka alamar mahayin ya tafi. In aka tambayi macen me ta yi, sai ta ce ba ta sani ba, domin ba a tuhumar goɗiya da inda aka kai ta.

Shugabar sha'anin bori a Gobir ita ce Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ake jin maganarta a fada. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, sarautar Inna ba ta mutu ba, ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma zo Sabon Birni bayan Ɗan Halima ya kafa garin.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne hawan Kure. Kure sunan namijin kura ne, shi ne kuma sunan wani daga cikin iskokin. In an ce ya hau mutum, sai a ga ya faɗi yana rarrafe, yana gurnani, yana harara kamar zai kai cizo, yara na ɓuya bayan iyayensu. Ga shi dai an kira shi doki, ga shi yana halin kura! Amma Bahaushe bai ruɗe ba. Yana da wata kalma daban, rikiɗa, ga wanda ake cewa jikinsa ne ke komawa kura da dare, irin na tatsuniya da zargin maita. Mai bori bai rikiɗa ba, fatarsa na nan, hankalinsa ne aka karɓe. A ganina wannan bambanci ya nuna zurfin lura na mutanen da, ya kuma cancanci a rubuta shi kafin masu saninsa su ƙare.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kwatanci ba. Zabarmawa ma doki suke kiran wanda iska ta hau, haka kuma jikokin bayin da aka kwashe zuwa Haiti.

Malamai tun zamanin Shehu Usmanu suke yaƙar bori da wa'azi da alƙalami, yau kuwa ya ja baya ƙwarai. Kalmar dai tana bakin jama'a: mutumin da ko gogen bori bai taɓa ji ba, in ya ga wani ya fusata yana kumfar baki, sai ya ce borinsa ya hau.