Sojojin Wucin-gadi na Jihar Arkansas da Yara Tara

A ƙasar Amurka kowace jiha tana da rundunarta ta sojojin ko-ta-kwana, wadda ake kira National Guard. Cikinsu akwai manoma da malamai da direbobi, masu neman abincinsu kamar kowa. Sukan fita atisaye kwana biyu a kowane wata, da kuma mako biyu a shekara. Tushen wannan tsari ya faro ne tun 1636 a Massachusetts, sannan dokar 1903 ta daidaita shi da rundunar ƙasa.

Wannan runduna iyayen gida biyu gare ta. Idan ambaliya ko guguwa ko tarzoma ta auku, gwamna ne ke kiranta. Amma shugaban ƙasa yana da ikon karɓe ta daga hannunsa, har ya aika da ita yaƙi, kamar yadda aka tura sojojin Arkansas zuwa Iraƙi a 2004.

A shekarar 1957 aka ga amfanin wannan rabon iko. Tun 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙen fata. Duk da haka, ranar 4 ga Satumba, Gwamna Orval Faubus ya girke sojojin jihar a ƙofar sakandaren Central da ke birnin Little Rock, suka tare ɗalibai baƙaƙe guda tara. Ɗaya daga cikinsu, Elizabeth Eckford, 'yar shekara 15, ta iso ita kaɗai. Sojoji suka kora ta, ta juya, taron jama'a na biye da ita suna zagi.

Ranar 24 ga watan, Shugaba Eisenhower ya ƙwace rundunar gaba ɗaya daga hannun gwamna, ya kuma aiko da sojojin tarayya. Kashegari yaran suka shiga aji. Da sojojin tarayya suka janye a watan Nuwamba, rundunar da ta tare ƙofar ita ce aka bar wa gadin yaran har ƙarshen shekarar karatu. A watan Mayun 1958 Ernest Green ya zama baƙar fata na farko da ya kammala wannan makaranta.

'Yan uwa, soja umurni yake bi. Shi ya sa kafin a damƙa wa gwamna masu bindiga, ya wajaba doka ta fayyace wanda zai taka masa birki ranar da ya juya su kan talakawansa.