Me ya sa sarakunan Hausa ba su hau giwa zuwa yaƙi ba?

Duk yaron da ya yi makarantar allo a Hunkuyi ya san labarin Abraha da giwarsa. To amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa sarakunanmu, da ake yi wa kirari da toron giwa, ba su ja giwa zuwa fagen daga ba?

Dubi yaƙin Zama, a Tunisiya ta yau, shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa. Hannibal ya jera giwaye 80 a gaban rundunarsa. Scipio, kwamandan Rumawa, sai ya bar hanyoyi tsakanin sahun sojojinsa, aka busa ƙahonni. Wasu giwayen suka bi hanyoyin suka wuce, wasu suka firgice suka afka wa dawakan Hannibal. Giwa in ta tsorata, ba ruwanta da nata.

Ga ci kuma: babba kan cinye kusan kilo 150 na ganye a yini. Cikinta wata 22 ne, shi ya sa galibi daga daji ake kamo ta a hore ta.

Doki ya fi sauƙin riƙo. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390–1410), wanda ya yaƙi Zazzau, shi ya shigo da lifidi da sulke.