Labarin Sabuwar Busa

Yawancin garuruwanmu ba wanda ya zana su. Rijiya da kasuwa da gona su ne suka tara mutane. Amma akwai garin da aka fara shata shi a takarda, aka gina, sa'an nan aka ce wa mutane su shiga. Irin wannan ita ce Sabuwar Busa, a ƙasar Bargu.

Tsohuwar Busa a bakin Kwara take, kusa da duwatsun nan inda Mungo Park ya halaka cikin 1806. To, cikin 1964 Gwamnati ta soma datse kogin a Kainji don a sami lantarki, aka gama cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kamar mil 80, ya cinye Busa da ƙauyuka masu yawa. Mutum wajen 44,000 suka tashi.

Ba a yi musu rowa ba. Wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya duba fasalin gidajensu na da, ya kwaikwaya. Aka yi bango da bulo na siminti, aka rufa da asbestos, aka fid da tituna. Baƙo in ya gani sai ya ce sun tsinci dami a kala.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sabon garin ya yi nisa da kogi, ga mutane kuwa sun saba da jirgi da taru. Ɗakin siminti ya fi na laka zafi, kuma in ya tsage magidanci ba ya iya gyara shi da hannunsa. Gungawa manoman albasa suka rasa fadamunsu. Ba a daɗe ba mutane suka shiga ƙara ɗakunan laka da rumbuna a jikin gidajen Gwamnati. Masunta kuwa, da kifi ya yawaita a tafkin cikin shekarun farko, su suka fi kowa murna, ko da ba su sami gidan bulo ba.

Watau dai wanda sana'arsa ta biyo shi ya ji daɗi, wanda tasa ta nutse kyaun bango bai share masa hawaye ba.

To, 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda za a ba awon gari wata rana. Muna roƙonku kafin ku ja layi ku je ku zauna da masu shiga, ku tambaye su inda za su ɗebi ruwa, da inda za su yi noma.